Garin farin wake a madadin fulawa: don Allah ina neman shawara

Maman Ilham, Rikkos:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Likita ya hana 'yata mai shekara 9 cin duk abin da aka yi da alkama, ya ce hanjinta ba ya ɗaukar gulutin, wato danƙon da ke cikin alkama. Na kai farin wake mudu biyu inji aka niƙa, na yi kek da shi yadda nake yi da fulawa. Ya fito da nauyi, tsakiya ya lotsa, ga gafin wake, ana yankawa yana marmashewa. Na gwada ƙosai da ragowar garin, shi ma ya sha mai bai tashi ba. Ina kuskuren yake? Kuma me zan iya yi mata da garin nan?

Hajiya Babba, Gangare:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba ta lafiya. 'Yata, matsalar ta fara ne tun daga garin. In da ɓawo aka niƙa, dole ya yi gafi da ɗigo-ɗigon baƙi. Ki tsince waken, ki jiƙa minti 5 zuwa 10 kawai, ki surfa a turmi, ki wanke ɓawon da hancin su fita tas. Kada ya daɗe a ruwa, in ya kumbura shanya za ta ba ki wahala. Ki baza a tire ko tabarma mai tsabta har ya bushe ƙarau, in kin ciza ki ji ya ce ƙas. Da rani yini biyu ya isa. Da damina kuwa, irin ruwan Yuli da Agusta na nan Jos, sai ki ƙarasa busarwa a oben da wuta can ƙasa, in ba haka ba zai yi tsami kafin ya bushe.

Sannan gari kashi biyu za ki yi. Na ƙosai da alale ɗanye ake barinsa, kuma ki ce wa mai inji kada ya yi laushi kamar hoda, ya ɗan bar shi da tsaki-tsaki. Na kek da biskit shi ne za a niƙa luƙui, a tankaɗe da rariya mai laushi, sannan ki zuba a busasshen kasko kan wuta kaɗan kina juyawa minti 8 zuwa 10. Da kin ji ƙamshi ya koma kamar na soyayyar gyaɗa, launi ya ɗan yi ruwan madara, ki sauke ki baza ya huce. Wannan suyar ita ke kashe gafin.

Anti Rabi mai kek, Bukur:
Maman Ilham, Hajiya ta gama magana a kan gari. Ni kan kek ɗin zan tsaya.

Gulutin shi ne danƙon da ke cikin fulawa, shi ke riƙe iskar da bekin foda ya saki har wuta ta busar da kek ɗin a tsaye. Wake ba shi da wannan danƙon ko kaɗan, ga shi da nauyi da shan ruwa. Don haka zalla ba zai taɓa yi miki kek ba, kashi ɗaya cikin huɗu ake sa shi. Haɗin da ke tsayawa shi ne garin shinkafa mai laushi gwangwani 2, sitacin masara ko na rogo gwangwani 1, soyayyen garin wake gwangwani 1. In kina da sikeli, giram 140, 70 da 70 ke nan don kek madaidaici guda. Ki tankaɗe su tare sau biyu.

A kan wannan giram 280 ɗin za ki sa bota giram 150, suga giram 150, ƙwai 4, madara wajen mililita 100, bekin foda ƙaramin cokali ɗaya da rabi, zantan gam rabin ƙaramin cokali. Zantan ɗin wata farar hoda ce da ake samu a shagunan kayan kek, ita ke maye gurbin danƙon. Ki gauraya ta cikin busasshen gari tukuna, in ta taɓa ruwa ita kaɗai gudaji take yi. Kada ki ce bari in ƙara don ya fi kyau, kek ɗin zai koma kamar roba.

Ki buga bota da suga har su yi fari, ki riƙa fasa ƙwai ɗaya bayan ɗaya, sannan gari da madara. Abin da yawanci ake tsallakewa: ki rufe kwaɓin ya huta minti 20 zuwa 30 kafin ki gasa, garin shinkafa ya sha ruwa, in ba haka ba za a ji shi kamar yashi a haƙori. Bekin foda kuma ki bari sai bayan hutun ki tankaɗa shi a kai ki juya. Wutar oben digiri 170, minti 35 zuwa 40, a gwangwani mara zurfi. Ƙananan gwangwanayen kof-kek sun fi ba da sakamako mai kyau, su minti 20 ya ishe su. Kada ki yanka da zafi, sai ya huce sarai yake haɗe jikinsa.

Lotsawar tsakiya kuma har da laifin garin da muke zaune. Jos tana kan tudu, kusan mita 1,200 sama da teku, iska ba ta da nauyi a nan, kwaɓi na saurin tashi ya wuce ƙarfinsa ya rufta. Shi ya sa na ce cokali ɗaya da rabi, inda mai yi a Legas za ta sa biyu. Citta, kirfa, gyaɗar ƙamshi ko ɓawon lemon zaƙi da aka goga suna rufe ɗan abin da ya rage na warin wake fiye da filebo.

Maman Twins, Tudun Wada:
In ba a samu zantan ba a sa kuka mana, ai ita ke haɗa ɗanwake.

Anti Rabi mai kek, Bukur:
Tana haɗawa kam, amma ban da kek, 'yar uwa. Zai fito kore yana ƙamshin miya. In babu zantan a ƙara ƙwai ɗaya, ko a dama nunanniyar ayaba guda a ciki. Kuka a bar ta wa abin gishiri.

Malam Nura, Anguwar Rogo:
Maman Ilham, kafin a je ga daɗi, akwai maganar inji. In cutar siliyak ce, wato wadda gulutin ke yi wa hanji lahani, likita ya tabbatar, ɗan ɓurɓushi ma na illa. Injin unguwa da ya niƙa alkamar tuwo da safe, shi zai niƙa waken ki da rana, kuma ragowar tana maƙale a cikin faranti da mazurari. Ki samu injin da ba a kai masa alkama. Wanda ya fi aminci shi ne ki niƙa kaɗan-kaɗan a gida da ƙaramin kofin bilenda na busassun kaya. A ware mata rariyarta da muciyarta, kuma kada a soya mata abu a man da aka soya cincin ko fanke.

Garin waken leda na kanti ki karanta jikinsa, haka dunƙulen ɗanɗano da garin shayi mai malt, don malt daga sha'ir ake yinsa, shi ma yana da gulutin. Ɗanwaken saye da wainar saye ki tambaya, masu yi da yawa na zuba fulawa. Semo, taliya, kuskus, alkaki, funkaso da gurasa duk 'ya'yan alkama ne. Acca kuwa da muke da ita a yalwace a Filato ba ta da gulutin, haka gero, dawa, masara, shinkafa, doya da dankali. Garin acca zai iya maye rabin garin shinkafa a haɗin Anti Rabi, sai dai a rege ta sosai saboda tsakuwa.

Hajiya Babba, Gangare:
Na manta ƙosan. Ɗanyen gari gwangwani 2, ruwa mai ɗumi gwangwani ɗaya da rabi, ki dama ki rufe minti 30. Sannan ki buga da maburgi ko muciya minti 10 cur, har ƙullin ya yi fari ya yi sauƙi. Ki ɗiga kaɗan a kofin ruwa, in ya taso sama ya bugu. Albasa da attaruhu su biyo baya, gishiri kuma sai za ki saka a mai, in ya shiga da wuri ƙullin sakewa yake yi. Soyayyen gari ba ya yin ƙosai, zafi ya riga ya kashe abin da ke kama iska. Mai kuma ya yi zafi sosai, mai sanyi ne ke sa shi shan mai.

Ɗanwake: garin wake gwangwani 2, garin alabo gwangwani 1, kuka babban cokali 2, ruwan kanwa kaɗan. Kanwa in ta yi yawa baƙi yake yi da ɗaci. Bayan ya taso ki bar shi ya ƙara minti 10, don garin wake ba a cinsa da ɗanyen ciki, kumburi yake sawa.

Maman Ilham, Rikkos:
Allah ya saka da alheri, na rubuta duka. Saura burodi, shi ta fi nema da safe. Kuma garin zai kai wata nawa a ajiye?

Anti Rabi mai kek, Bukur:
Burodi mai tashi irin na kanti kada ki sa rai daga wake. Abin da zai yi mata daɗi da shayi shi ne irin wainar fulawa: garin wake gwangwani 1, garin shinkafa rabi, ƙwai 1, ruwa har ya yi ruwa-ruwa kamar koko, gishiri da albasa. Ya huta rabin awa, ki shafa mai kaɗan a tanda mai faɗi, ki zuba siriri, minti 3 kowane gefe. Tana naɗuwa, za a iya sa ƙwai ko kifi a ciki ta tafi da ita makaranta.

Ajiya kuma, a roba mai murfi da ke rufuwa gam, wurin da babu danshi, ki yi wanda zai ƙare cikin wata guda. In akwai firiza ya fi haka daɗewa, sai dai in kin fito da ita ki bar robar a rufe sanyinta ya fita kafin ki buɗe, don kada raɓa ta sauka a garin ya dunƙule.