Sikirif ɗina ya ƙi wuce furoksin ofis, wace hanya zan bi?

Baban Hafsat, Jidda:
Assalamu alaikum. Ina kula da kwamfutoci 40 a wani kamfanin hidimar alhazai, kuma na rubuta sikirif (fayil mai jerin umarnin da kwamfuta ke bi) na PowerShell ɗin Windows, mai sauko da manhajoji cikin dare. Idan na kunna shi da hannuna lafiya lau yake tafiya, amma da na ɗora shi a Task Scheduler, mai kunna ayyuka a kan lokaci, ƙarƙashin asusun SYSTEM, wato asusun ita kwamfutar kanta, sai furoksin kamfani, na'urar da muke bi ta cikinta mu fita intanet, ya riƙa dawo da lamba 407, wato yana neman shaidar mai buƙatar. Kafin Lahadi dole in zaɓi ɗaya: ko in rubuta kalmar sirrin wani asusu a cikin sikirif ɗin, ko in roƙi masu kula da netiwok su buɗe wa adireshin da nake sauko da manhajojin daga gare shi hanya ba tare da tantancewa ba.

Ɗan Damagaram, Madina:
Wa alaikumus salam. Ka haɗa -Proxy da -ProxyUseDefaultCredentials a kan Invoke-WebRequest, umarnin da ke sauko da fayil, don ya yi amfani da shaidar asusun da ya kunna shi, ni da haka tawa ta warware.

Baban Hafsat, Jidda:
Na gode, amma na riga na sa su. SYSTEM da sunan kwamfutar yake gabatar da kansa, shi kuwa furoksinmu sunayen ma'aikata kawai ya sani.

Kawun Yara, Makka:
Ƙanena, don girman Allah kada ka rubuta kalmar sirri a fayil. Na yi haka a inda na fara aiki, na ajiye sikirif ɗin a jakar da kowa ke iya buɗewa, wani ya kwafe kalmar sirrin ya yi wata biyu yana sauke abin da ya ga dama da daddare. Ranar da aka buga rajistar furoksi aka shimfiɗa mini takardun a tebur, kowane layi da sunana, har da ƙarfe uku na daren da nake kwance a asibiti. Ba a saurari bayanina ba, aka ƙi sabunta kwantiragina, kuma ka san iƙamarmu a hannun mai aiki take. Wata huɗu na yi ina neman wanda zai karɓe ni, yara suna makaranta, haya tana jira.

Maman Yusuf, Riyadh:
Allah ya mayar da alheri, Kawu. Mu saba ɗaya, wato kwamfuta mai yi wa sauran hidima, muka ware a cikin gida, ita kaɗai ke fita intanet, sauran kuma su ɗauka daga gare ta. Riyal 3,000 muka biya wanda ya haɗa.

Ɗan Damagaram, Madina:
Hajiya, an tsawwala muku, domin riyal 800 aka yi wa maƙwabtanmu irinsa. A Linux ma da kaina nake yi, matsalar kawai ita ce sudo, umarnin yin aiki da ikon shugaba, yana zubar da https_proxy, saitin adireshin furoksi, idan ba a umarce shi ya riƙe ba.

Maman Yusuf, Riyadh:
Malam, tambayar a kan Windows take, kuma wanda bai taɓa riƙe kwamfutocin kamfani masu asusun bai-ɗaya ba, bai kamata ya yanke farashin aikin ba.

Autan Sakkwato, Dammam:
Yaya, ka jona wayarka kawai, ita ba ta taɓa tambayar kowa iƙama ba!

Kawun Yara, Makka:
Auta, wannan wasan ya isa a sallami mutum. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu netiwok ɗin kansu. A wurinmu sun kunna binciken da ke sa furoksi ya sauya takardar shaidar kowane shafi da tasa, ba su sanar da kowa ba, curl, manhajar sauko da fayil, ya wayi gari yana ƙin komai, manaja kuma ni yake kira.

Baban Hafsat, Jidda:
Namu masu netiwok ɗin a babban ofis suke. Tun Talata na aika musu buƙatar buɗe adireshin, yau Alhamis ba amsa, gobe kuma hutu ne.