Shawarar majalisa ga Bakatsine mai zuwa bakin teku a Legas

'Yan kasuwar majalisarmu ta Ƙofar Soro masu zirga-zirgar Legas bakinsu ya zo ɗaya: a fara da Tarkwa Bay. Sai da kwalekwale ake isa, amma igiyar ruwanta da sauƙi. Duk da haka, wanda iyonsa na kududdufin damina ne kada ya wuce gwiwa, don teku na janye yashin ƙarƙashin ƙafa. A sa rigar kariya tun daga kwalekwale, musamman yara.

Badagry, wani tsohon gari a bakin teku a jihar Legas, na son yini guda. Can wani tsohon bene da aka gina a 1845 yake, da hanyar da aka bi da bayi zuwa jiragen ruwa a tsibirin Gberefu. Ni dai nan na fi so kowa ya je.

Gasasshen kifi kuwa, a yi ciniki tukuna.