"Baya" ɗaya ce, amma Bature ya ba ta sunaye da yawa

A wata tattaunawa ta masu koyar da Turanci, an taɓo abin da ke rikita ɗalibanmu: Hausa ta wadatu da "baya", Turanci kuwa ya zo da back, behind, rear, hind da aft.

Shawarar da aka fi nanatawa ita ce a fara da back. Tsohuwar kalmar Ingila ce, asalinta bayan jikin mutum, kuma ita ce ta yau da kullum. Behind kan nuna inda abu yake dangane da wani, kamar yaro ya laɓe bayan ƙofa. Amurkawa kan ce "in back of" a wannan gurbin, Ingilawa ba su cika ba.

An fi daɗewa a kan rear. Jijiyarta retro ce ta Latin, ta shigo ta Faransanci, harshen da ya mamaye fadar Ingila bayan 1066. Sojoji ne suka fi riƙe ta, don rundunar da ke tsare baya, yau kuma ta koma kan madubin mota. Abin da ya burge ni: danginta ce arrears, wato ariyas ɗin da ma'aikatanmu ke jira.

Hind a bar wa ƙafafun bayan dabba. Aft da stern na jirgin ruwa ne. Stern ɗin ma daga kalmar tuƙi ta mutanen Sikandinabiya ta fito, don daga baya ake sarrafa jirgi.

Wata malama ta ja kunne: rear da behind duka kan nufi mazaunai, a kula a gaban manya.