Zan je Iskandariya ɗaukar hoto, in tafi da kyamara ko waya ta isa?

Abba Hayyul Ashir: Salam 'yan uwa. Bayan jarabawa ƙarshen Janairu ina so in leƙa birnin Iskandariya na nan Masar kwana biyu, tsofaffin benayen unguwar Manshiyya masu barandar nan nake so in ɗauka da masuntan Anfushi da sassafe. Yayana ya bar min Canon ɗinsa har da dogon lens, to shi ne nake ta wasiwasi, in ɗauke ta ko in haƙura da waya? Wanda ya taɓa yawo da babbar kyamara a titi nake tambaya don Allah.

Maman Ilham: Ƙanina kar ka dawo ba ka je laburaren nan ba, wanda aka buɗe 2002, bangon waje duk haruffan harsunan duniya ne aka sassaƙa. Kuma ka tafi da rigar sanyi, ruwa ake yi a Janairu.

Abba Hayyul Ashir: Na gode Anti, amma maganar titi nake.

Ɗan Damagaram: Ƙal'ar Ƙaitbay kawai. 1477 aka fara ginin, daidai inda tsohuwar hasumiyar fitilar jiragen ruwa take. Fam 60 na Masar na biya kuɗin shiga.

Ummi Z: Fam 60 a wace shekara Malam?? 200 ne na baƙi lokacin da na je, ɗalibi rabi in da katin makaranta, kuma da katin banki na biya

Ɗan Damagaram: 2021

Ummi Z: Ashe zamanin Fir'auna kake ba mu labari. Tun Maris 2024 dala ta tashi daga 30 da 'yan kai zuwa wajen 50

Baban Sadik: Ku bar zancen tikiti. Abba ka ji tawa. Na tashi bayan asuba daga masallacin Abul Abbas al-Mursi na gangara bakin ruwa, haske ya yi kyau wallahi, kwale-kwale shuɗaye da koraye, wani dattijo zaune yana ɗinkin koma da zare a baki, kyanwoyi uku sun zagaye kwandon kifinsa, na tambaye shi ya ce sawwar ya basha, wato ɗauka ranka ya daɗe, har da gyara hula. Ina ta ɗauka ina tafiya ban san na miƙe wajen Ra'asut Tin ba, sai ji na yi an dafa kafaɗata, jami'an tsaro biyu cikin kayan gida, suka ce fasfo. Iƙamata, wato takardar izinin zama, tana wajen sabuntawa sai 'yar takarda. Daga bakwai na safe sai bayan azahar aka sake ni, suna bin hotunan ɗaya bayan ɗaya suna tambaya me ya sa wannan jirgin, me ya sa wannan katangar, ƙarshe da hannuna na goge memori gaba ɗaya, har da hotunan sunan Sadik da ban kwashe ba. Mahaifiyarsa har yau in an yi faɗa sai ta tayar da maganar.

Maman Ilham: Innalillahi. Allah ya kiyaye gaba.

Hamza Lens: Yaya da girmamawa, kai ka kai kanka. Wajen sojan ruwa ne, ko a Legas ka saita kyamara can za ka sha tambaya. Tun 2022 an sanar hoton kanka a titi ba ya buƙatar izini, sharaɗi ban da yara, manya kuma sai da yardarsu a rubuce. Drone ne dai kar ma ka fara. Ni abin da ya dame ni gishirin teku, rabin awa a Kornish, titin bakin tekun, lens ya yi hazo.

Baban Sadik: Sau nawa ka je? Shekarata tara a ƙasar nan. Ka je ka karanta wa mai kayan gida sanarwar minista.

Hamza Lens: Sau biyu, kuma na dawo da hotunana 😂

Ɗan Damagaram: Ni kam ba ni na ɗau hoto ba, ni aka ɗauka. 'Yan makaranta sun fi ashirin, suna ta ya samara sura sura, wato kai baƙar fata hoto hoto, da ina karɓar fam biyar-biyar da na fanshe kuɗin jirgi

Ummi Z: Jirgin ƙasa ma yanzu farashin baƙi daban ne, gara ka hau mikrobas daga tashar Ramsis ta Alƙahira

Baban Sadik: Ni abin da ke ci min rai da iƙamar tana hannuna ba za a kai haka ba. Wata huɗu ina sintiri, kullum bukra, wai gobe.

Nura Sokoto: Huɗu? Tawa tun kafin azumi. Ƙarfe biyar na asuba nake bin layi a ce tasdiƙin makaranta, wato takardar shaidar ɗalibi, ya tsufa, ka koma ka karɓo sabo kafin ka dawo hoton fasfo kuma ba shi ba ne

Maman Ilham: Ta yarana ma haka, kuma shugabannin ɗalibai shiru sai lokacin zaɓe

Abba Hayyul Ashir: To jama'a ni dai kyamarar, in tafi da ita?

Nura Sokoto: Taka iƙamar ta fito ne?

Abba Hayyul Ashir: A'a, risit ne a hannuna nima