Motata na jan dama duk da an yi mata alaimen sau 2

Assalamu alaikum. Corolla ce gare ni, ƙirar 2008. Wata 2 da suka wuce na faɗa wani rami da tayar gaba ta dama, tun daga ranar motar ke jan dama. Ko a shimfiɗaɗɗen titi, da na sassauta riƙo sai ta nufi gefen hanya, sitiyarin kuma sai na karkata shi hagu kafin ta miƙe.

Mai faci ya daidaita iska, 32 kowace taya. Na musanya tayoyin gaba, jan bai koma hagu ba. Bakanike ya canza tayarod (ƙarfen da ke haɗa sitiyari da taya) da boljoyin (mahaɗin da taya ke juyawa a kai), aka yi alaimen, wato saita tayoyi, na igiya, daga baya na biya aka yi na kwamfuta. Mai injin ya ce komai ya hau, amma ban yi kilomita 5 ba ta ci gaba da halinta.

Abin da ya fi damuna, sabuwar tayar dama ta fara cinyewa ta gefen ciki kawai, in ka shafa da hannu sumul, wajen kuwa ko alamar taɓuwa babu. Kuɗin wata tayar ba ni da shi yanzu.

Don Allah masana, me zan sa a fara dubawa ko ya lanƙwashe, lowa'am (ƙarfen ƙasa da ke riƙe taya) ko shokazoba?