Yadda za a hango ciwon shawara ga jariri tun da wuri

Da iyaye mata suka tattauna da ungozomomi da ma'aikatan jinya kan ciwon shawara, abin da aka fi nanatawa shi ne a san jaririn da ke cikin haɗari tun kafin haihuwa: bakwaini, wanda yayansa ya taɓa yi, da wanda jinin uwarsa rukunin O ne ko Rh negatif (wato rukunin jini mai alamar "-", kamar A- ko B-). Shi ya sa gwajin jini a wurin awo ba abin wasa ba ne.

An daɗe kan maganar duhun ɗaki. Mai jego kan zauna a ciki har ranar suna, alhali a kwanakin nan ciwon ke bayyana. A fito da jariri haske kullum, a duba farin idonsa da dasashinsa, a danna hancinsa a ga ko fatar ta yi ruwan ɗorawa. In hakan ta faru cikin awa 24 na farko, ko launin ya sauko har tafin hannu da ƙafa, ko jariri ya ƙi nono, a garzaya asibiti. Jinkiri na iya jawo kurumta ko taɓa ƙwaƙwalwa.

A daina sa kafur a kayansa, yana fasa jinin masu ƙarancin G6PD, wani sinadari da ke kare jajayen ƙwayoyin jini. Shanya shi a rana ko ba shi ruwan gulukos ba ya maye gurbin shuɗiyar fitilar asibiti da ake haska jariri da ita don maganin ciwon.