"Haushin kaza huce kan dami": ni da kawu, wa ya fi gaskiya?

Ɗan Fagge: Salamu alaikum. Jiya bayan isha'i muka yi musu da kawuna, tsohon malamin tarihi, har yanzu abin na cin raina. Yana ba mu labarin yadda Ingila ta sauya salon kai hari ta sama a yaƙin duniya na biyu. Da farko masana'antu da ma'ajiyar mai na Jamus suke nema, cikin dare, don da rana kakkaɓo su ake yi. A watan Agustan 1941 aka binciki hotunan da jiragen ke ɗaukowa, sai ga shi cikin uku da suka ce sun kai hari, ɗaya ne kawai ya kusanci wurin da mil biyar. Ranar 14 ga Fabrairun 1942 umarni ya fito: a nufi garuruwa, a karya zuciyar ma'aikata da iyalansu. Na ce haushin kaza huce kan dami ke nan. Kawu ya ce ban iya Hausa ba. Ku raba mu.

Malam Bakatsine: Wa alaikumus salam ɗana. Kawunka ya fi ka gaskiya. Mai huce haushi ba ya zama ya yi lissafi. Arthur Harris, da aka ba ragamar jiragen bam na Ingila a Fabrairun 1942, da gangan ya zaɓi garin Lubek na Jamus a Maris, don tsohon gari ne mai gine-ginen katako, wuta ba za ta sha wuya ba. A Hambug, Yulin 1943, mutum wajen dubu 40 suka mutu, da yawansu hayaƙi ne ya shaƙe su a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa. Da takarda da alƙalami aka shirya wannan.

'Yar Damagaram: Baba, a yi mini afuwa, amma dami ai bai ci hatsin kowa ba. Jaririn Hambug me ya ci? Ni ina bayan Ɗan Fagge.

Baban Ummi: To kun manta Jamus ce ta fara ƙona garin Kobentiri na Ingila a Nuwamban 1940, ta yi wata da watanni tana luguden wuta a Landan? Ramuwar gayya ta fi gayya zafi, ita ce karin maganar da ta dace.

Malam Bakatsine: Amurka fa? Tokiyo ba ta jefa wa Niyok ko tsinke ba. Amurkawa ne masu alfahari da na'urar saitin bam ta Norden, har a Oktoban 1943 suka yi asarar jirage 60 rana ɗaya a kan masana'antun Shuwainfut a Jamus. Daren 9 ga Maris 1945 Janar LeMay na Amurka ya sauko da jiragensa ƙasa-ƙasa da bama-baman wuta, kusan mutum dubu 100 suka ƙone a Tokiyo.

Jikar Hajiya: Kun tuna mini da kakata, Allah ya jiƙanta. A Fort Lami ta tashi, Injamena ta yanzu. Ta ce tana 'yar talla, cikin sanyin Janairun 1942, jirgin Jamus guda ɗaya tak ya zo ya jefa bam a filin jirgi, man da aka tara ya kama. Baƙin hayaƙi ya tokare sama. Kishiyar uwarta tana dawowa daga kogi da tulu a ka, ta ji ƙarar, ta saki tulun, sabo fil, ya fashe. Da ta iso gida ba ta ce da kowa uffan ba, ta ɗauki muciya ta bi akuyar maƙwabta har bayan danga. Kakata takan yi dariya har da hawaye in ta zo nan, sannan ta yi shiru, ta ce ita dai ƙaurin man nan bai bar hancinta ba har ta tsufa.

'Yar Damagaram: Allah ya jiƙan Hajiya. An biya mai akuya?

Jikar Hajiya: Ina fa! Sai ma aka ce akuyar ce ta saba shiga musu dawa. Shekara guda matan nan biyu ba sa gaisawa, sai a wani suna aka shirya su.

Baban Ummi: Irin wasu ke nan da suka faɗi zaɓe a mazaɓarmu, suka aiko aka kwance famfon rijiyar burtsatsen da suka gina. Mu ne akuyar.

Ɗan Zongo: Naku ma ya gina kafin ya kwance. Namu allo kawai ya kafa, da hotonsa da hula.

Ɗan Fagge: Jama'a mu dawo kan magana don Allah. Mu da muka ga harin sama na sojoji a Rann a 2017 da Tudun Biri a 2023, aka ce kuskure ne, mun san yadda gawar yara take. Na 1942 a rubuce aka ba da umarni. Ko a Ingila ma wani bishop, George Bell, ya miƙe a majalisar dattawansu a 1944 ya ce abin ya wuce gona da iri. Shi ya sa na kasa haƙura.

Malam Bakatsine: Ɗana, wannan hujjar kawunka ce ka kawo, ba taka ba. Ni ma a garinmu ba "haushi" muke cewa ba, "fushin kaza" na ji a bakin manya.

'Yar Damagaram: Baba, mu haushi muka sani. Jikar Hajiya, ita kishiyar ta samu wani tulun kuwa?